Ruwa a Kan Ruwa: Nutso a Gaɓar Bahar Aswad

A makon farko na Satumba na hau bas ɗin Burgas ta Bulgeriya daga babbar tashar Esenler da ke Istanbul. Nisan bai wuce kilomita 330 ba, amma sai an ba shi awa shida zuwa bakwai, domin hanyar ta cikin dajin tsaunukan Strandja ta bi, kuma a kan iyakar Malko Tarnovo akan daɗe ana duba takardu. Tun farkon 2025 Bulgeriya ta shiga tsarin Shengen gaba ɗaya, saboda haka mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar bizar Shengen zai nema, ta Turkiyya ba za ta tsallakar da shi ba. Daga Burgas sai ƙaramar mota, kilomita 35 zuwa kudu, a sauka a Sozopol, tsohon gari a kan wani ɗan tsinin dutse da ya kutsa cikin teku. Girkawa ne suka kafa shi wajen shekara ta 610 kafin haihuwar Annabi Isa, suna kiransa Apollonia. Yanzu garin masunta ne da 'yan yawon buɗe ido, kuma daga tashar jiragensa ake fita yawancin nutson kudancin ƙasar.

Da gangan na zaɓi Satumba. A Yuli da Agusta gari a cike yake, jiragen wasa suna ta zirga-zirga a saman kan mai nutso, ruwan kuma ya yi kore da ƙananan halittun da ke yawo cikinsa. In Satumba ta kama jama'a sun ragu, saman ruwan bai riga ya huce ba, yana nan a digiri 22 zuwa 24, kuma ya fara washewa.

Wanda ya koyi nutso da tukunyar iska a Bahar Maliya, a Sharm el-Sheikh ko Jidda, sai ya sake lissafi kafin ya faɗa wannan ruwa. Bahar Aswad teku ne da ƙasa ta kewaye, ba shi da ƙofa zuwa babban teku sai mashigin Bosforus. Manyan koguna, Danube da Dnieper da Dniester, suna ta antaya masa ruwan daɗi, shi ya sa gishirin samansa giram 17 zuwa 18 ne a lita guda, rabin na babban teku, alhali na Bahar Maliya ya kai 40. Wannan ruwa mai sauƙi yana malalawa ta saman Bosforus zuwa kudu, a ƙarƙashinsa kuma ruwan Bahar Rum mai nauyin gishiri yana shigowa ta akasin hanya, ya gangara ya kwanta a ƙasa. Masuntan Istanbul sun daɗe da sanin haka, domin sukan ga ragarsu in ta yi zurfi ta nufi arewa alhali kwalekwale na son yin kudu; a 1680 wani ɗan Italiya mai suna Marsigli ya auna abin ya tabbatar. To, mai nauyi a ƙasa, mai sauƙi a sama, ba sa gaurayuwa. Daga zurfin mita 150 zuwa 200 har ƙasan da ya zarce mita 2,200 babu iskar oksijin, sai iska mai guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai narke a cikin ruwa. Kusan kashi 90 cikin ɗari na ruwan tekun nan matacce ne, ba mai rayuwa cikinsa sai ƙwayoyin bakteriya. Duk kifin da ake ci daga Trabzon zuwa Odesa a 'yar fatar da ke sama yake zaune.

Mai nutson shaƙatawa iyakarsa mita 40, ba zai taɓa kusantar ruwan gubar ba. Amma cikin waɗannan mita 40 ɗin ma akwai hawa biyu, kuma su ne ke tsara masa kayan da zai sa.

A fara da darma. Ruwa mai ƙarancin gishiri ba ya ɗaga jiki kamar mai yawansa. Mutumin da shi da kayansa suka kai kilo 100, in ya zo daga Bahar Maliya da riga iri ɗaya da tukunya iri ɗaya, sai ya rage wajen kilo ɗaya da rabi daga darmar ɗamararsa. Sai dai da wuya riga da tukunyar su zama iri ɗaya. A can rigar roba mai kaurin milimita 3 ta isa, a nan mai 5 ce mafi ƙaranci, mai 7 kuwa in za a wuce mita 15, kuma kaurin yana neman ƙarin darma kilo 2 zuwa 3. A can tukunyar alminiyom ce, a nan an fi samun ta ƙarfe mai lita 12 ko 15, wadda ita kanta nutsewa take yi, tana rage bukatar darma da kilo 2 ko fiye. Lissafin kan takarda ba ya raba wannan gardama, sai gwaji a bakin jirgi. A fitar da iskar falmaran, wato rigar da mai nutso ke hurawa don daidaita nauyinsa a ruwa, kakaf, a riƙe numfashi na daidai, a tsaya cak ba motsa ƙafa: in nauyi ya yi daidai, ruwa zai tsaya a saitin ido, in an fesar da numfashi a fara nitsewa a hankali. In da cikakkiyar tukunya aka yi gwajin sai a ƙara kilo 2, domin iskar da za a shaƙe daga matsin bar 200 zuwa 50 a tukunya mai lita 12 nauyinta ya ɗan haura kilo 2, kuma a ƙarshen nutso ne, lokacin ɗan tsayuwar da ake yi a zurfin mita 5 kafin a fito, rashinsa ke bayyana. Laifin da na fi gani a jirgi shi ne lodin darma. Wanda ya yi lodi dole ya cika falmaran da iska don ya daidaita, iskar nan kuwa tana kumbura da zarar ya ɗan hau, tana motsewa da zarar ya ɗan sauka, sai ya wuni yana sama da ƙasa kamar guga, ƙafafunsa na tayar da laka, iskarsa na ƙarewa kafin ta kowa.

Abu biyu ƙanana da kan ɓata wa baƙo safiya. Bakin tukunyoyin Turai mai zare ne wanda ake kira DIN, a cikinsa ake murɗa regileta, wato na'urar da ake shaƙar iskar tukunya ta cikinta. Mai regileta irin ta maƙalawa ya tambayi ɗan zoben da ake ɗaurawa a bakin, ko ya zo da nasa. Mai gashin baki kuma gilashin fuskarsa zai riƙa yoyo ta ƙarƙashin hanci. Ba sai an aske ba: a rage 'yan gasun da ke daf da hanci, a shafa man silikon kaɗan.

Nutson farko a tsibirin Sveti Ivan aka yi shi, kamar kilomita guda daga gari. Shi ne mafi girman tsibiran Bulgeriya a teku, ko da yake bai kai murabba'in kilomita ɗaya ba. A nan ne a 2010 masu haƙar tarihi suka tono wani ɗan akwatin dutse da guntayen ƙashi a kufan wata coci, waɗanda Kiristocin wurin ke dangantawa da Annabi Yahaya. Jirgi yakan laɓe a gefen da iska ba ta bugu, a saki anga a mita 8 zuwa 10. Kafin a shiga jagora ya bi alamomin hannu ɗaya bayan ɗaya, kuma a ƙasar nan wannan ba ɓata lokaci ba ne: Bulgeriyawa in sun gyaɗa kai sama da ƙasa “a'a” suke nufi, in sun kaɗa shi gefe da gefe “i”. A cikin ruwa kada a dogara da kai ko kaɗan. Zoben babban yatsa da manuni shi ne “lafiya lau”, ɗaga babban yatsa kuwa “mu hau sama” ne, ba yabo ba.

Daga saman ruwa zuwa mita 8 ko 10 duwatsun a lulluɓe suke da wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa, mai rassa kamar ƙaramin sabara, masana na kiranta Cystoseira. Ba ta son ƙazanta, in ka gan ta da kauri ruwan wurin lafiyayye ne. Kusa da bakin magudanun birni koriyar gansakuka mai laushi ce ke maye gurbinta. A cikin wannan kurmi rayuwa take, amma sai an rage sauri. Mai gaggawa zai fito ya ce bai ga komai ba. In ka tsaya wuri ɗaya minti biyu, ka daidaita numfashi, sai kurmin ya fara motsi: ƙananan kifaye kore da ruwan goro da 'yan ƙasar ke kira zelenushka, waɗanda namijinsu ke gina sheƙa da guntayen ciyawa yana gadinta, jatan lande masu jiki garai-garai kamar gilashi, kifi siriri kamar tsinken tsintsiya da ke tsayuwa a miƙe cikin ciyawa har ba a rarrabe su. Dokin teku ma yana nan, tsawonsa kamar ɗan yatsa ko ya ɗan fi, ya naɗe wutsiya a reshe, kuma namijin ne ke ɗaukar ƙwai a jakar cikinsa har su ƙyanƙyashe. Na ga uku a kwana tara, dukansu a ƙasa da zurfin mita 7, a inda ciyawa ta yi iyaka da yashi. A tsagar duwatsu kuma akwai pagur, ƙatuwar ƙaguwa mai baƙaƙen hannaye. Ba a zura mata yatsa.

Daga inda hasken rana ya gaza wa ciyawa, ƙumba ce ke karɓar dutsen. Baƙa ce mai sheƙin shuɗi, suna ce mata midi, tana manne da zaren da take saƙawa, dubbai a kan dubbai, ba masakar tsinke. Kowace ɗaya tana tace ruwa lita-lita a awa guda, su ne matatar gaɓar nan baki ɗaya. A kansu kuma za ka ga maƙiyinsu a kwance: rapan, dodon koɗi mai girman dunƙulen hannu, cikin ƙoƙonsa launin lemo. Ba ɗan gida ba ne. Daga tekunan Japan da Sin jiragen ruwa suka kawo shi, aka fara ganinsa a tashar Novorossiysk a shekarun 1940, ya tarar babu mai cinsa a nan. Yakan rungume ƙumba da ƙafarsa, ya buɗe ta da ƙarfi ya zuƙe naman. Kawar Bahar Aswad, wadda a da ake kamawa da yawa, kusan ta ƙare, kuma yana cikin manyan waɗanda ake ɗora wa laifi. Inda ya yi kiwo sai ka tarar da fili fari fat na buɗaɗɗun ɓawo. Da bazara yana manna ƙwansa a jikin dutse, tarin 'yan kwanso dogaye kamar gashin buroshi, rawaya, in sun tsufa su koma shunayya. Yau shi kansa sana'a ne: masu nutso na tsince shi buhu-buhu, ana dafawa a daskarar a tura Koriya ta Kudu da Japan. Tsintar hannu ba ta ɓarna. Jan ƙarfe da raga a ƙasan teku da wasu jirage ke yi don kama shi kuwa, noma ne ba shuka, yana kankare duk abin da ya tarar.

Wani baƙon ya fi rapan ɓarna ko da yake ba shi da ƙashi ko ɓawo. Halitta ce kamar dunƙulen ruwan kamu marar launi, girman ƙwan kaza, da layuka takwas a jikinta masu walƙiyar bakan gizo in fitila ta haska su. Sunanta Mnemiopsis, daga gaɓar Amurka ta zo a farkon shekarun 1980 cikin ruwan da jiragen dakon kaya ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Tana cin abincin 'ya'yan kifi, tana cin ƙwan kifin da kansa. Kafin shekarun su ƙare kamun hamsi, ɗan kifin da masuntan tekun nan suka dogara da shi, ya rushe. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta: a 1997 wata 'yar'uwarta mai suna Beroe, mai siffar jaka da faffaɗan baki, ta iso ta hanya iri ɗaya, ita kuma ba ta da abinci sai Mnemiopsis. A Satumba ana ganin su biyun tare a mita biyar na sama, lokacin tsayuwar ƙarshe, kuma in an yi sa'a a ga ɗaya ta haɗiye ɗaya ɗungurungum. Ba sa harbi. Mai harbi ita ce babbar meduza, wata halitta mai laushin jiki da siffar lema, fara da shuɗin baki, wadda kan kai girman kwarya. Harbinta ƙaiƙayi ne da ja, sai dai a kiyaye leɓe da ido, kuma kada a shafa fuska da safar hannun da ta taɓa ta.

Masu dafi na gaske uku ne, kuma duk ukun ɓuya suke yi, ba sa farauta. Kifin skorpid na kwance a kan dutse, kamanninsa da dutsen ɗaya, ƙayoyin bayansa ne dafin; mai dafa dutse ba dubawa shi yake samu. Na biyu shi ne wanda suke kira dodon teku, kifi mai tsawon taƙi guda da ke binne kansa a yashi, ido da baƙar ƙayar baya kaɗai a waje, kuma ya fi kowa zafi. Na uku sun sa masa suna kyanwar teku, faffaɗa kamar faifai da doguwar wutsiya mai ƙaya, ɗan'uwan kunaman ruwa da masuntan Binuwai suka sani. Maganin farko duka ɗaya ne: a tsoma wurin cikin ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, digiri 40 zuwa 45, na minti 30 zuwa 90, ana ƙara ruwan in ya huce. Ba a tsagawa, ba a ɗaurewa, ba a tsotsa. In ƙayar ta karye a ciki, ko ciwon ya kai ƙirji ko ciki, sai asibiti. Lambar gaggawa 112 ce.

A mita 14 ranar farko muka iske iyakar hawa na biyu. Ana ganinta kafin a ji ta: ruwan gabanka sai ya riƙa rawa kamar iskar da ke tashi daga kwalta da tsakar rana. Ka zura hannu, hannun yana cikin sanyi, kafaɗa na cikin ɗumi. Cikin mita biyu agogon nutso ya sauko daga digiri 23 zuwa 11. Wannan iyaka ba ta da mazauni ɗaya. A farkon bazara takan tsaya a mita 8 ko 10, zuwa kaka ta gangara mita 20 ko fiye, iska kuma na iya ɗaga ta ko danne ta cikin dare guda. A ƙarƙashinta ruwan sanyin hunturun bara ne da bai samu hanyar fita ba, digiri 8 zuwa 11 ko da wane wata ne. Sau da yawa ya fi na sama haske, amma duhu ne, kore mai kama da kwalba.

Abin da sanyin nan ke yi wa mai nutso ya fi a ƙirga da rawar ɗari. Robar riga kumfa ce cike da 'yan ƙwayoyin iska, matsi yana motse ta, a mita 20 mai milimita bakwai ta koma kamar rabinta, wato a daidai inda aka fi bukatarta ta fi rauni. Hula mai rufe wuya da safar hannu mai milimita 3 zuwa 5 dole ne. Jiki mai sanyi ya fi shan iska, kuma jinin da ya janye daga fata da gaɓoɓi ba ya saurin fitar da naitirojin ɗin da ya sha, saboda haka a rage lokaci ƙasa da abin da agogo ya yarda. Sai regileta. Iskar da ke fitowa daga matsin bar 200 tana hucewa ƙwarai yayin da take buɗewa, in ruwan da ke kewaye bai kai digiri 10 ba ƙanƙara na iya kama bawul ɗin ya ƙi rufuwa, iska ta yi ta bulbulowa, tukunya ta ƙare cikin 'yan mintuna. A duba jikin regiletar: wadda aka rubuta mata “>10°C” ta ruwan ɗumi ce. Kada a hura falmaran ana jan numfashi a lokaci guda, kada a riƙa danna maɓallin fesar iska ba dalili. In ta ɓalle duk da haka, ba a cire ta a jefar: a karkata kai, a riƙe ta a gefen baki ana kurɓar iskar kamar mai shan ruwa a bakin famfo, a yi wa aboki alama, a karɓi ta biyunsa, a hau tare. Iya ruwa fidda kai, amma a nan fidda kan da mutum biyu ake yinsa.

Rana ta huɗu muka je Mopang, jirgin dakon kaya na Amurka da ya taka nakiyar da ta rage daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya nitse a 1921, ba nisa da Sozopol. Yana kwance a kan gefensa, ƙasan wurin kusan mita 30. A 2018 ya sake shiga labarai da man da ke tankunansa ya fara tsiyaya, sai da aka zuƙe. Da igiya ake sauka, hannu a kanta tun daga sama, domin tsakanin mita 10 da 20 ba ka ganin sama ba ka ganin ƙasa, kore ne ta ko'ina, kuma nan jiri kan kama mutum. In ya kama, a dubi kumfar numfashi, inda ta nufa nan ne sama. Kunne kuwa tun daga mita ta farko ake daidaita shi, a toshe hanci a hura a hankali kowace mita, kafin ya yi zafi. A mita 10 na farko matsi ke ninkawa, nan ne dodon kunne ya fi fashewa. Mai mura ya zauna a jirgi.

Lissafin iska a irin wannan wuri ba wuya. Tukunya mai lita 12 a bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. A ware bar 50 da ba a taɓawa, saura 1,800. Mai shan lita 20 a minti a bakin ruwa, a mita 10 zai sha 40, a mita 20 ya sha 60, a mita 30 ya sha 80. Wato a mita 30 iskarsa ta minti 22 ce, ba a cire ta sauka da ta hawa ba, kuma iyakar zaman da jadawali ya ba shi a wannan zurfi ba tare da tsayuwar dole ba minti 20 ne. A aikace minti 12 zuwa 15 ake yi a jikin jirgin, a juya da bar 100, a hau a kan mita 9 zuwa 10 a minti, a tsaya minti 3 a mita 5. Shi ya sa masu zuwa nan suka fi son tukunya mai lita 15. Jikin jirgin ƙumba ta rufe shi ruf, 'yan kifayen popche masu manyan kawuna na zaune a kai kamar masu jiran mota, garken kifin safrid na kewayawa a sama. Haɗarin wurin tsofaffin raguna ne da zaren fatsa da suka sarƙe a ƙarafa, ba a ganinsu sai sun kama bawul ɗin tukunya ta baya. A riƙe abin yanka biyu, ɗaya a ƙirji inda kowane hannu zai kai. Wanda raga ta kama kada ya juya, juyawa ce ke naɗe shi. Ya tsaya, ya kira aboki. Shiga cikin jirgin kuwa ba na mai takardar shaidar nutso ta matakin farko ba ne: ƙarfen ya haura shekara ɗari, kuma bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da lakar da za ta rufe ƙofar fita. Rodina, jirgin Bulgeriya da nakiya ta nitsar a 1941, yana wajen mita 40. Ban je ba, iyakar zamansa a jadawali minti 9 ne, kuma ban ga abin da zan gani cikin minti tara a duhu da sanyi da ya cancanci hakan ba.

A waɗannan zurfafa ƙarfe ke saura, katako ba ya kai labari, domin akwai tsutsar da ke huda shi ta cinye. A ruwan gubar can ƙasa kuwa tsutsar ba ta rayuwa. A 2000 tawagar Robert Ballard, mai binciken ƙarƙashin teku, ta sami wani jirgin zamanin Rumawa a gaban Sinop ta Turkiyya, a zurfin mita 320, da sandar filafilansa a tsaye. A 2018 aka ba da sanarwar wani jirgin fataken Girka mai tsawon mita 23, a zurfin kilomita 2 a gaban gaɓar Bulgeriya, shekarunsa kusan 2,400, har bencin masu tuƙi na nan. Na'urori ne suka gan su, ba ɗan Adam ba. Abin da ke kusa da hannu shi ne angunan dutse da na darma da tulunan da ke gidan tarihin Sozopol, garin da cibiyar binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ruwa take tun 1978. Guntun tulu a ƙasan teku a nan ba abin mamaki ba ne, ɗaukarsa kuwa laifi ne a doka.

Sauran kwanakin a arewa na yi su. A Varna ban tsaya ba sai don sanin inda ɗakin matsin iska na asibitin sojan ruwa yake, wanda ake sa mai nutson da naitirojin ya yi wa kumfa a jini. Ya kamata kowa ya san tazararsa da shi kafin ya shiga ruwa. Kusa da birnin ne aka nitsar da jirgin sama samfurin Tu-154 na tsohon shugaba Todor Zhivkov a 2011, a mita 22, don masu nutso. Daga nan ƙasa ta sauya: ba sauran dazuzzuka, sai fili shimfiɗe da injinan iska, ya zo ya yanke kwatsam a kan teku. Tsinin Kaliakra ya shiga ruwa kilomita biyu, jajayen gaɓoɓinsa sun kai tsayin mita 70, kuma a gabansa ne rundunar Ushakov ta Rasha ta fatattaki ta Daular Usmaniyya a 1791. Daga sama ana hango dolfin. Iri uku ne a tekun nan, amma ƙarar kumfar mai nutso na korarsu, ganinsu a ƙarƙashin ruwa sai an dace.

Tyulenovo, gaba kaɗan, ƙauye ne a kan farin dutse mai laushi da igiyar ruwa ta rarake ta yi koguna da ƙofofi. Sunan daga tyulen ya fito, dabbar teku mai shayarwa da ke haihuwa a kogunan nan a da. Tun shekarun 1990 ba a sake tabbatar da ganinta a gaɓar ƙasar ba. Nutson nan marar zurfi ne, mita 5 zuwa 12, daga kan dutse ake shiga, kuma iska ce ke yanke hukunci. In ta taso daga arewa maso gabas, igiya na dukan gaɓar kai tsaye, gani ya faɗo daga mita 8 zuwa ɗaya, bakin kogo ya koma turmi: ruwa ya tura ka ciki ya fizgo ka waje. Ranar ba a shiga, kuma sai a ba shi kwana biyu bayan ta kwanta. In kuwa ta kwana biyu tana busowa daga kudu, sai ta ture ruwan ɗumin sama zuwa tsakiyar teku, na sanyin ƙasa ya taso ya maye gurbinsa. Haka na tarar ranar ta biyu: rana tsaka, ruwa garau kamar na randa, agogo na nuna digiri 13 tun daga sama. Wanda ya bar rigarsa mai kauri a masauki ya koma ɗauko ta. Cika da janyewar teku kuwa ba abin lissafi ba ne a nan, bambancin 'yan santimita ne. A cikin kogunan akwai jajaye da rawayen soso manne a rufi, da jatan lande da idanunsu ke ƙyalli a fitila. Ƙa'idar ita ce kada hasken ƙofa ya ɓace maka, kuma a yi bugun ƙafa irin na kwaɗo, gwiwa a lanƙwashe, don kada a tayar da ƙasa. Wani abin kiyayewa na zamanin nan: tun da yaƙin Yukren ya ɓarke a 2022 ana samun nakiyoyin da suka tsinke suna yawo, har Turkiyya da Romaniya da Bulgeriya suka haɗa rundunar share su a 2024. Duk wani ƙarfe mai zagaye da ke iyo, a nisance shi a buga waya.

Nutson ƙarshe na dare ne, a wani ɗan lungu mai mita 6. Skorpid da ke kwance kamar matacce da rana ya fito fili, ƙaguwoyi sun bazu a kan dutse, kifin barbunya na tonon yashi da gemunsa biyu. Da muka kifa fitilu a ƙirji muka kaɗa hannu, sai ruwan ya tarwatse da tartsatsi shuɗi-kore, aikin wasu halittu masu ƙwayar rai ɗaya da ke haske in an motsa su.

Mai niyyar zuwa daga gida ya fara da likita. Mai ciwon sikila ba ya nutso da tukunya, mai ɗauke da rabin ƙwayar kuma ya faɗa wa likitan da ya san harkar nutso kafin ya biya kuɗin koyo. Haka mai asma da mai farfaɗiya. Ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar jini, don haka ba na haɗa nutso mai zurfi da azumi. Bayan nutso ɗaya ana jiran awa 12 kafin a hau jirgin sama, bayan na kwanaki a jere awa 18 ne mafi ƙaranci, ni nakan cika 24. Na yi su ne ina wanke kaya da ruwan daɗi, murfin regileta a toshe don kada ruwa ya shiga, na shanya rigar a inuwa a juye, na ci farantin soyayyen ƙananan kifin da suke kira tsatsa a Kavarna, sannan na nemi motar Istanbul.